Kwanon Kakana

A ƙauyenmu, bayan Yazd, ruwa ba ya zuwa daga sama.
Ƙarƙashin ƙasa yake tafiya, a ɓoye kamar mai gudun bashi,
daga gindin dutse zuwa gonar rumman,
ta hanyar da hannaye suka haƙa, hannayen da ba a san sunansu ba.

Kakana Khodadad shi ne mai shiga ramin.
Farar riga yake sawa, ƙanwar likkafani,
ya ce in ƙasa ta rufta, an rage wa mutane aiki.
Fitila a hannu: in harshenta ya kwanta,
iska ta ƙare, sai a ja igiya.
Da zare da tsakuwa yake auna gangare,
taku dubu, saukar tafin hannu ɗaya.
Bai taɓa riƙe alƙalami ba.

A bakin magudana akwai kwanon tagulla mai huda a gindi.
A ɗora shi kan ruwa, ya sha, ya sha, ya nutse:
rabon gidan Bahram ya cika, a buɗe wa gwauruwa Golnar.
Ba wanda ya taɓa yi wa kwanon gardama.

Sai inji ya zo, shekarar da aka haifi babana.
Ya huda ƙasa cikin kwana tara,
ya yi ta aman ruwa har yara suka koyi iyo.
Aka shuka kankana inda ko ƙaya ba ta yarda ba.
Shekara ashirin ana shagali.
Rannan kakana ya sauka rami, ya fito ƙafafunsa a bushe.
Bai ce uffan ba. Ya naɗe igiyarsa.

Ni na je birni na karanto lissafin ruwa.
Na dawo da siririn tiyo mai ɗiga a gindin kowace bishiya,
da 'yar na'urar da nake binnewa,
mai tsegunta wa wayata in saiwa ta ji ƙishi.
Mun rufe rijiya biyu cikin biyar. Sai da aka kai ruwa rana.

Jiya na nuna masa allon, lambobi na hawa suna sauka.
Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Mahtab,
a cikin abin nan, wa ke ce wa mai ƙarfi ya isa haka?"

Na rasa ta cewa.
Kwanon na kan taga.
An liƙe hudar da kakin zuma, ana zuba gishiri a ciki.