Kabari Mai Kusurwa

Ni ne Songoja, mai haƙan kabari a Dungula.
Shekara talatin da ɗoriya ina rufe na mutane.
Na san ƙasar tudu, na san ta bakin Nilu,
na san inda dutse ke cinye bakin dagi.

'Ya'yana biyu, ciki ɗaya, nono ɗaya.
Mashuda ke kunna fitilun majami'a,
hannunsa kullum ƙamshin man riɗi da lubban.
Ƙanensa ya bi fatake zuwa bakin bahar,
ya tafi yana Orinkuda, ya dawo Junaidu,
da tabon sujada da sabuwar gaisuwa.
Shekara bakwai ba su haɗa hannu a akushi ba.
Uwarsu Kapopi ta koyi raba tuwo biyu,
ta koyi kukan da ba a ji.

Sai jirgin alkama ya zo daga arewa.
Ɓeraye suka riga matafiya sauka.
Kwana uku, ga kaluluwa a hammata kamar ƙwan zabo,
baƙin tabo a cinya,
ƙishin da kogi duka bai kashe shi.
Malamin majami'a ya ce alhakin masu barin gicciye ne.
Limamin masallaci ya ce alhakin masu ƙin gaskiya ne.
Ni da ke ɗaukar su a kafaɗa
ban ji bambancin nauyi ba,
kuma ban ga ƙudan da ya tsaya tambayar gawa
ina take fuskanta in za ta roƙi Ubangiji.

Kapopi ta tafi ran Laraba. Akushi biyu na kife.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya.
Mahaya raƙuma suka ɓullo daga hamada,
an ce ɗan 'yar'uwar sarki ya gayyato su
don ya gaji da jiran gado.
Suka sare dabino da 'ya'yansa ɗanye,
suka farfasa tulunan keken ban-ruwa.
Tsohon sa mai ido ɗaya ya kwana yana zagaye,
yana jan wofi, ba wanda ya ce masa tsaya.

Daren nan zazzaɓi ya kada Mashuda
a ƙarƙashin zanen mala'ika mai takobi.
Abokan addu'arsa suka toshe hanci, suka watse.
Wa ya shigo da salkar ruwa?
Wanda ya rantse ba zai sake taka wannan soro ba.
Ya goya yayansa kamar yadda aka goya shi.
A bakin ƙofa mashi ya same shi,
mashin wani mai salla irin tasa
da bai tsaya jin suna ba.

Kafin zakara ya yi cara, ba ni da ɗa.

Malamin majami'a na haƙa nasa shekaranjiya.
Liman ma yana kwance, bai gane kowa.
Ba mai ba ni fatawa sai dagi,
ƙarfina kuwa na rami ɗaya ne.
Wannan a kwantar da shi rigingine, kai yamma,
wancan bisa dama, fuska alƙibla.
Na zauna na zana a ƙasa da yatsa,
na goge, na sake,
har rana ta ƙona mini ƙeya.

Sai na haƙa rami mai kusurwa, kamar gwiwar hannu:
reshe ɗaya ya miƙa gabas, ɗaya arewa,
kawunansu suka haɗu a lungu.
Junaidu ya dubi alƙibla,
yayansa ne kwance a gabansa, tun daga kai har ƙafa.
Na karanta rabin abin da na tsinta wurin wannan,
rabin abin da na tsinta wurin wancan.
In na yi kuskure, a tuhumi tsufa.

Yanzu awaki ke kiwo a kai.
Masu wucewa na cewa mai haƙan ya sha giyar dabino.
Ba na musu.
Tsakanin rassan biyu akwai ɗan fili
daidai tsoho in ya naɗe ƙafa.
Na auna da igiya.
Mai haƙawa ne dai ban samu ba.