Harafin Da Ba A Furtawa

A Whitby, inda tsuntsayen teku ke fizge burodi a hannun yara,
na shekara biyu ina kwaɓa wa Madam Pickersgill ƙullu.
Daga Lublin na zo, Turancina bai cika cokali ba,
kunne ya iya, ido bai sani ba.

Duk hunturu takan tsaya bakin taga ta ce ta rasa rana.
Ni kuwa sai in ce, wa bai rasa ba?
Garin da gajimare ya kafa wa gida.

Wata Laraba ta kira ni, murya a shaƙe:
Dorota, gobe ki zo da fulawa, ta safiya ce.
Asubar fari na saɓo buhu, kilo goma sha shida,
kafaɗa na kuka, ina yabon kaina.

Na tarar da shago a rufe, ita cikin baƙaƙen kaya.
Ta dubi buhun, ta dube ni,
ta yi dariya har dariyar ta karye ta zama wani abu.

Ta farke bakin buhu, ta watsa gari a kan tebur,
da yatsa ta shiga rubutu.
Ga fulawar tanda, ga fulawar lambu:
baki ɗaya ke faɗinsu, takarda ce ke raba gardama.
Ga safiya, ga makoki,
harafi guda ne ya tsuguna a tsakani.
Sai ta rubuta rana. Ta daɗe.
Ta share wasalin tsakiya, ta zana da'ira a gurbinsa,
rana ta koma ɗa.

Alasdair sunansa. Teku ta karɓe shi, ba ta ba da rasit ba.
Hunturu biyu ina amsa mata da zancen gajimare!

Na rasa ta cewa a harshe uku.
Ita ce ta ƙara min na ƙarshe:
kwaɓa ƙullu da bukata, su ma amonsu ɗaya,
sai dai ɗayan na goye da harafin da ba a furtawa.

Muka zuba ruwa a kan rubutun, muka murza.
Da hantsi muka hau matakalar coci,
ba fure a hannunmu,
sai burodi mai zafi, tana rungume da shi a ƙirji,
tana korar tsuntsaye da gwiwar hannu.