Ajuji

A layin katin ɗan ƙasa, a Jahun,
yarinyar da ke gaban na'ura ta ce, "Baba, suna?"
Na ce Ajuji.
Ta danne dariya da bakin mayafi:
"Na gaskiya nake nufi."

Na gaskiyar ke nan, 'yata.
Akwai wanda liman ya raɗa,
Zakariya'u, har ɗan akuya ya rasa ransa a kai,
amma yana nan sabo fil
kamar rigar Salla a ƙasan adaka.
Shekarar da na yi dako a Dawanau na ɗauko shi na saka,
aka kira sau uku, ban waiga ba.

Huɗu Inna ta goya kafin ni,
babu wanda ya ga yaye.
Zanen goyo ɗaya,
sau huɗu ana wanke shi a ninke.
A bakin rijiya, in ta juya da tulu,
sai a ce wabi, ƙasa-ƙasa.

Da na zo, ana tsakar marka,
kakata Tabawa ta ɗauke ni, ko cibi bai faɗi ba,
ta zaga bayan danga, ta ajiye ni kan juji
tsakanin toka da ɓawon gyaɗa da fasasshen kasko,
ta ɗaga murya don mai ji ya ji:
"Wannan ba na kowa ba ne. Shara ce."
Ta juya baya. An ce gwiwarta na rawa.
Taku bakwai ta yi,
ta dawo ta tsince ni kamar wadda ta tsinci kwabo.

Liman ya ce camfi ne, rai na Allah ne.
Gaskiyarsa.
Sai dai ban taɓa jin wata addu'a
da ta yi shigar zagi irin wannan ba.

Yara sun yi mini waƙa da kaji da tono.
Wannan giɓin, can na samo shi.

Sai da na riƙe garma na gane.
Da bazara jujin nan muke kwasa,
mangala bayan mangala, jaki na nishi,
kuma duk inda aka juye
nan dawa ke yin baƙi, ta fi mutum tsawo.
Kabewar da ta fi kowacce a gidanmu
ba wanda ya shuka ta.

Inna ta ga jikokina tara.
Har ta koma ga Mai Sama
ba ta kira ko ɗaya cikin sunayen ba.
"Kai, wannan," take cewa,
ta miƙo fura tana kallon wani wajen,
kamar har yanzu akwai mai saurare a bayan danga.

To, rubuta, 'yata, yadda na faɗa.
In na'urar ta ƙi karɓa, ƙyale ta.
An taɓa ƙina a baya,
kuma ga ni.