Taura Biyu

Wasiƙu biyu a teburin girki,
ɗaya ta jingina da kwalbar gishiri,
ɗaya kofin Baba ya yi mata zobe.
A waje ƙanƙara ta binne karan masara,
Iowa ta yi tsit kamar mai jiran hukunci.

Ni ne Tobiah Vondrasek,
mai kunnen da tabarmar kokawa ta murɗe.
Tun ina ɗan shida nake gaida sikeli
kafin in gaida karin kumallo,
ina tofa yawu a gwangwani cikin motar Mama
don rabin laba ya sauka kafin gari ya waye.

Jami'ar yamma tikitin jirgi ta aiko.
Koci Ashgrove ya tare ni da riga mai sunana,
an gama ɗinki tun ban ce uffan ba.
Ɗakin atisayensu ya haɗiye cocinmu,
ga mai girki, ga mai tausa.
Ya ce, "Ko sisi ba ka biya.
Ba ni wuyanka da bayanka shekara huɗu,
in ba ka sunan da za a kira da ihu."
Ba zan ɓoye ba, ina son ihun nan.
Na sha jin sa a mafarki
alƙalin wasa na ɗaga hannuna.

Ta gabas tsohuwa ce, jan bulo da ganye,
sunanta kaɗai kan buɗe ƙofa.
Masu kokawarta a ƙarƙashin bene suke,
inda warin tsohon takalmi ya yi gida.
Koci Pellerin ya zo yana ɗingishi,
bai tambayi mutum nawa na kayar ba.
"Me kake karantawa in ba wanda ya sa ka?"
Na sunkuya. "Littafin Baba na cutukan masara."
Ya yi dariya har ya dafa bango.
Sai dai can, akwai kason da za mu biya.

Garinmu kowa ya zama malamin duba.
Kawu Orrin ya ce, "Tsohon bulo ake ci?
Je ka inda aka ce kyauta."
Malama Thiessen ta lissafi ta ce,
"Gwiwa aro ce, yaro, mai ita na zuwa."
Mama ba ta tanka ba,
tana ta goge teburin da ya daɗe da bushewa,
tana kewaye wasiƙun kamar garwashi.

Daren jiya na kira su da tambaya guda:
gwiwar hagun nan mai ƙara a matakala,
in ta tsinke fa?
Na yamma ya ce, "Kar ka kira wa kanka.
Likitocinmu sun ɗinke waɗanda suka fi ta."
Na gabas ya yi shiru har na duba waya.
"Tawa ta tafi ina ɗan ashirin.
Za ka yi kukanka.
Litinin ka ɗauki sanda ka tafi aji."

Taura biyu ba ta taunuwa.
A fili na san inda ake kama mutum,
in ji nauyinsa, in san ƙafar da zai yaudare ni da ita.
Takarda ba ta da ƙugu.

Da asuba Baba ya shigo yana karkaɗe hula,
bai dube ni ba, taga ya duba.
"Gonar bayan rafi dama ba ta abin kirki,
an jima ana tayi."
Ƙarya yake. Ita ce ke cika rumbu,
can ya koya mini tuƙa tarakta.

Na jawo wasiƙar gabas in mayar ambulan,
sai na ga zoben ba ɗaya ba ne.
Huɗu ne, wani kan wani:
dare huɗu yana zaune da ita ina barci.

Na ɗauki biro, hannuna na rawa
yadda bai taɓa yi gaban ƙato ba.
Mama ta tura mini faranti, ƙwai uku da burodi.
"Ci tukuna," ta ce.
"Yau ba sikeli."