Jan Fenti

Ran Laraba suka sauko bakin Jakara,
su biyu, da igiyar awo da gwangwanin fenti.
Suka auna daga gaɓa zuwa rumfata,
inda injin ban ruwa ke kwana da buhunan taki.
Ƙaramin ya ce, "Taku talatin doka ta ce,
naka sha ɗaya ne, Baba Sallau."
Ya shafa ja a jikin langa-langa.

Na ce, latas ɗina a nan yake yabanya,
akurkin nan hannuna ya ɗaure shi,
ruwan nan maƙwabcina ne tun ba a haife ka ba.
Ya ce, "Maƙwabcin da ba ya sallama."

Na riƙe shi a rai har Agusta.
Daren da sama ta ɓalle,
ina kan tudu da tocila,
kaji bakwai da buhu huɗu
suka kama hanyar Wasai a kan idona.

Da safe laka ta hau bango,
ta tsaya daidai ƙasan fentin yaron,
sai ka ce ita ma an karanta mata takardar.

Yau ina haƙa sabon tushe can sama.
Na ƙirga talatin.
Na ƙara biyu, nawa na kaina.