Mashiga da Mafita

Ni na haɗa ta da hannuna, nan Mabera,
yau noti, gobe waya, jibi a jira albashi.
Babban allo daga Legas, ƙwaƙwalwa 'yar gwanjo,
akwatin kuwa na wani ofis ne da ya tashi.
Shekara guda tana zana mini gidajen mutane
ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Sai bazara ta sauka.
Ranar Sakkwato ba ta san sabo ba.
Kwalta ta yi laushi a Gawon Nama,
ƙadangare ya bar katanga ya koma gindin randa.
Ita kuwa, da an kira azahar,
sai ta hau gurnani kamar injin markaɗe,
tasa'in da huɗu a kusurwar gilashi,
daga nan, ɗif.
Benen Alhaji Modi, hawa biyu da baranda,
ya tafi har da matakala. Ban adana ba.

Na kwance noti huɗu na leƙa ciki.
Ashe gizo-gizo ya riga ni shiga yana,
ya yi saƙarsa tsakanin waya da waya.
'Yar fankar asali, tafin hannun jariri,
tana juyi kamar mai azumin da bai yi sahur ba.
Man da ke kan ƙwaƙwalwa ya bushe ƙamas,
ya tsattsage kamar fadama a watan huɗu.

Na hau kabu-kabu zuwa shagon Nafi'u,
na dawo da hasumiyar faranti mai bututun jan ƙarfe
da fanka biyar a leda, kuɗin cefanen mako.
Na goge tsohon mai da auduga,
na ɗiga sabo, ƙwayar wake ɗaya tak,
na ɗaure noti kusurwa da kusurwa, a hankali,
yadda ake ɗaure tayar mota.
Fanka biyar, duk na juya bakinsu ciki.
Na ce yau sai ta nemi bargo.

Tamanin da tara.
Ga ƙara kuma, kamar jirgi zai tashi daga ɗakina.

Inno ta ɗaga labule, mahuci a hannu.
Ba ta san sunan ko abu ɗaya a ciki ba.
Ta kara tafinta a gaba, ta kara a baya,
ta dube ni duban da ake wa mai zuba ruwa a kwando:
"Baƙi biyat kash shigo da su ɗaki guda.
Ina ƙohwar hita?
Kakanka da yag gina zauren ga, taga biyu yay yi,
guda gabas ƙasa-ƙasa, guda yamma can bisa.
Iska baƙuwa ta, yaro,
ba ta zama inda ba ta ga hanyar gida ba."

Sai a lokacin na ga 'yar kibiya
a gefen kowace fanka, tana nuna inda ta dosa.
Tun ɗazu take nan. Ni ne ban tambaye ta ba.

Uku a gaba, su sha.
Ɗaya a baya, ɗaya a sama, su fesar.
Wayoyin da suka tare hanya kamar 'yan tireda
na tattara su gefe, na ɗaure da zare.

Sittin da ɗaya.
Na jira la'asar. Sittin da uku.
Sautinta ya koma numfashin mai barci,
benen Alhaji ya sake miƙewa, bulo bisa bulo,
wannan karon ina adanawa kowane hawa.

Da safe na tarar da faifai bayan akwati,
an yanka kuɓewa an baza a kai,
daidai inda iska mai ɗumi take fitowa.
Inno ta ce, tunda na biya kuɗin zafin,
ba ta ga dalilin barinsa ya tafi a banza ba.