Ɓauren Evdokia

Evdokia ce ta dasa shi, ba ni ba.
Reshe guda ta yanko daga gidan ubanta a Kardamili,
ta soke shi bayan ɗakin girki, inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya.
Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Yanzu ita tana kwance can kan tudu, kusa da coci,
shi ya zarce rufin gida,
ni ina tsakani, ina ƙirga 'ya'ya.

Ran Litinin arba'in da uku.
Ran Laraba ashirin da tara,
bakwai daga ciki an farke su an bari,
ja wur, kamar bakin da aka katse wa magana.

Tsuntsaye ne 'yan sammako.
Ba sa cinye ɗaya, sai sun ɗanɗana goma,
irin mai taya kaya ba ko sisi a aljihu.
Rina ta biyo sawu, ta shige ƙofar da suka buɗe.
Ɓera sai dare, ta kan wayar lantarki.
Bushiya dai tana ƙasa,
ba ta hawa, ba ta roƙo, abin da ya faɗo nata ne.

Na rataya tsofaffin faya-fayai su riƙa walƙiya.
Kwana biyu aka ji tsoro.
A na uku na tarar da wani yana duba fuskarsa a ciki.
Na kafa mutum-mutumi, na sa masa kwat ɗin aurena,
suka yi masa kashi a ƙirji
daidai inda fure ya taɓa zama.

Lambros ya leƙo ta kan katangar dutse
da wata 'yar kwalba a hannu.
Ya ce ɗigo uku, magana ta ƙare.
Na ce bari in yi tunani.
Kwalbar tana nan kan taga, ta yi ƙura.

Raga na sayo a Kalamata, na lulluɓe shi kamar mara lafiya.
Da safe ga wani ɗan tsuntsu ya sarƙe,
fiffike ɗaya a karkace.
Zuciyarsa na bugun tafin hannuna
da saurin da tawa ta manta.
Da almakashin Evdokia na yanke zaren,
na ci gaba da yanka har ragar ta zama tsumma.

Jikata Argiro ta kira daga Atina.
Na kai mata ƙarar kowa, har da bushiya.
Ta yi dariya, ta ce, Kaka, nawa likita ya ce ka ci?
Biyu.
Biyu a rana, saboda sukari.
Na ce layin ba ya da kyau.

Daren Juma'a na zauna gadi da tocila da sanda.
Iskar teku ta kwanta, gyare ma ya gaji.
Wajen ƙarfe uku sai ga dila,
mace, ƙashin haƙarƙari a waje, tana ɗingishi,
ɗanta na biye.
Ta shinshina waɗanda suka faɗi, ta ture ruɓaɓɓu,
ta bar masa mai laushin.
Ta ɗago ta dube ni.
Ban kunna tocilar ba.
Sandar ma, sai da gari ya waye na tuna da ita.

Yanzu ga yadda muka raba, ba takarda, ba shaida:
sama ta masu fiffike,
ƙasa ta masu ƙafa huɗu,
reshen da hannuna ke kaiwa nawa.
Na yayyanka tsohon labulen ɗakinmu, na ɗinka ƙananan jakunkuna,
ɗinkin namiji, a karkace,
na ɗaura wa goma sha biyu.
Rina har yanzu ba ta yarda da yarjejeniyar ba.

Jiya na tsinki wanda ya fi nuna,
wuyansa ya lanƙwashe, zuma na ɗiga ta gindi.
Na hau tudun a hankali, na ajiye mata kan dutsen kabari.
Yau na koma.
Sai ɗan ɓawo, da layin kiyashi.

Can ma an riga ta.
Da ta yi dariya, na sani.
Ita dama ba ta taɓa ƙirgawa ba.